Yadda Namadi Ya Karɓo Kuɗin Irin Albasa

A duk 'yan kabu-kabun da ke tsayawa a mahaɗar Tsarnawa, babu mai bakin Namadi. Babur ɗaya gare shi, ja, mai madubi guda, amma in ya zauna a rumfar faci ya buɗe baki, sai ka rantse manyan motocinsa na kan hanyar Kwatano. Shi ya san abin da ke damun naira, shi ya san maganin ramukan hanyar Tawa. Tun ranar da ya sayo tsohuwar salula, waya mai shafawa, a kasuwar Konni kuwa, abin ya ƙaru. Ya sanar da duniya cewa zamanin dillalai ya ƙare, kuma shi da kansa zai yi musu jana'iza.

Tsautsayi ya sa a shekarar nan surukarsa, Inna Lubabatu, ta sami irin albasa tiya shida, baƙi ƙirin, sheƙaƙƙe, irin wanda masu lambu ke rububi. Dillalin da ya saba saye ya taya jikka ashirin kowace tiya, wato sefa dubu ashirin. Namadi ya ji, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shi zai sayar jikka ashirin da biyar ba tare da ya tashi daga kan tabarma ba.

Inna ba ta yi masa magana kai tsaye, kunyar suruki. Sai dai kunyar Inna mai haƙora ce. Yana tsugune taku uku a gabanta, sai ta juya wajen 'yarta.

"Wasila, tambayi mijinki, in irin ga yaɓ ɓace cikin salula, wa za ni kamawa?"

"Hwaɗa ma Inna," in ji Namadi yana bugun ƙirji yana nuna babur ɗinsa, "in ko dala guda taɓ ɓace, a sai da motona a biya ta. Ga liman nan shaida."

Liman da ke wucewa da butarsa bai san hawa ba bai san sauka ba, ya zama shaida.

Namadi ya ɗauki hoton irin ya saka a wani zauren Watsaf na 'yan albasa mai mutum wajen ɗari huɗu. Hoton da ke kan lambarsa kuwa, shi ne cikin babbar riga ta aro, ya jingina da wata farar jif da ya tarar an ajiye a bakin titi, a ƙasa an rubuta Alhaji Namadi Mai Albasa. Maganar Makka kuwa, iyakar tafiyarsa gabas Maraɗi ce.

Washegari sai ga saƙon murya daga wani Abdussamad, mai lambu a Badagishiri, da wata murya mai laushi.

"Ranka shi daɗe Alhaji, Allah shi ƙara girma. Na ga iri, na saye dut. Sai dai kuɗɗin sai an ci kasuwa. Na san ga irinku wanga ba komi na ba, mu talakkawa ka jin nauyi nai."

Sau goma sha ɗaya Namadi ya saurari saƙon. Tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa ce masa ranka ya daɗe ba, ko da wasa. Kafin azahar ya ɗaure iri ya ba direban motar Tawa, har kuɗin dako daga aljihunsa.

Aka ci kasuwa, aka sake ci, aka kuma. Kira ba ya shiga, saƙo ba ya isa. Ran Litinin ta mako na huɗu Inna ta zo gidan da kanta, ta zagaya babur sau biyu, ta latsa tayar baya da yatsa.

"Wasila, hwaɗa ma mijinki, Juma'a in an sauko masallaci ina son jikkata ɗari da hamsin. In babu, shi wanke moto. Mai saye bai son dauɗa."

Babur ɗin nan shi ne gonar Namadi, shi ne rumbunsa. Shekara uku yana kai wa mai shi kuɗi kullum kafin ya zama nasa. Amma bakinsa ko gezau. Ya nufi rumfar Ɗahiru mai faci, taubashinsa, ɗan kawunsa, wanda al'ada ta ba damar ya zage shi safe da yamma ba a ce don me ba.

Ɗahiru ya saurara yana goge tif, sannan ya ɗago kai. "Wai ka ba mutum iri tiya shidda don yac ce maka Alhaji? Ni da nika ce maka jakki shekara talatin, mi kab ba ni?"

"Kai aikinka liƙe huji, mi kas sani ga harkar zamani? Mataki-mataki aka bin irin waɗanga. Na hwari, tsoro. Murya guda zan aika, shi taho da kuɗɗin da gudu har da goron ban haƙuri."

Tun da saƙo ba ya isa wurin Abdussamad, Namadi ya yanke shawarar ya saka muryar a zauren 'yan albasa, wanda ya san shi ya kai masa. Ya koma gida, ya laɓe bayan rumbu, ya gyara murya, ya danna.

"Kai Abdussamad na Badagishiri! Alhaji Namadi na. Ka san da wa kaka wasa? Kwamandan jandarma tare muka shan shayi. Kwana ukku nib ba ka, in sun cika..."

Daidai nan Wasila ta ƙwala kira daga tsakar gida. "Namadi! Taho ka riƙe min akuyar ga in tatsa! Kana can bayan rumbu kana magana kai ɗai kamar mai iskoki!"

"To, to, ga ni nan, kar ki yi hushi," in ji Alhaji da wata 'yar siririyar murya. Sai a lokacin ya ɗage yatsa, saƙo ya tafi ɗungurungum.

Kafin la'asar mutum ɗari huɗu sun ji, sun tura wa wasu ɗari huɗu. Wani daga Galmi ya tambaya ko shi ma kwamandan yana riƙe akuya bayan an gama shayi. Wani daga Illela ya ce a gaida Hajiya, da alama ita ce kwamandan. A mahaɗa kuwa, fasinja suka daina ɗaga hannu, in suna son Namadi sai su yi kukan akuya, kuma da yake yana bukatar kuɗi, tsayawa yake.

"Talla ta," ya ce wa Ɗahiru. "Yanzu wa bai san ni ba tsakanin Konni da Tawa? Saura mataki na biyu. Bashi ba a bin shi da tsumma. Alhaji yas sani, Alhaji za shi gani. In nit tsaya ƙohwar gida nai da babbar riga, gwiwa nai za ta yi sanyi."

"Alhaji bisa moto?"

"Kai za ka tuƙa, ni ina baya. In mun kusa mu ɓoye ta, mu ce mota ta lalace bisa hanya."

Ɗahiru ya rufe rumfa ya ce ko ba a biya shi ba zai je, don irin wannan kallo ba kullum Allah ke kawo shi ba.

Namadi ya je wurin mai wanki da guga ya yi hayar babbar rigar wani ɗan kasuwa da ya yi tafiya, farar shadda mai aiki har ciki, da alkawarin zai dawo da ita ko ƙura babu. Ran Alhamis suna sallame asuba suka kama hanya. Da yake safiyar akwai sanyi, bai cire 'yar rigar kabu-kabunsa mai lamba a baya ba, ya ɗora shadda a kai.

Babbar riga da babur ba su taɓa shiri ba. Iska ta cika ta, Namadi ya kumbura a bayan Ɗahiru kamar buhun ƙaiƙayi, yana ɗaga wa manoma hannu. Ba su kai rabin hanya ba sarƙa ta kama gefen rigar ta fara naɗewa. Namadi ya ji ana jan sa ƙasa ta wuya, ya rungume Ɗahiru, Ɗahiru ya saki hanya, su uku da babur suka gangara suka zube gaban wata Bafillata da ke zaune da ƙwaryar nononta. Ƙwarya ta kife.

Matar ta miƙe za ta fara masifa, sai ta ga shadda. "Ayya Alhaji, sannu. Ba ka ji ciwo ba?"

Nonon bai fi na jikka ɗaya ba. Namadi, yana kwance ƙafa ɗaya a sama, ya laluba aljihu ya ba ta biyu, kuɗin man komawarsu ke nan.

"Allah shi sa kar kowa shi ƙara ce maka Alhaji yau," in ji Ɗahiru yana zare riga daga sarƙa, "in ba haka ba da wando kaɗai za ka koma."

Rigar ta yage daga ƙugu har ƙasa ta gefen hagu, ga baƙin mai shafe-shafe. Namadi ya tattare ɓarnar ya ɗora a kafaɗa, ya matse da hammata. Abin mamaki sai ya fi kama da manya, domin dole ya riƙa tafiya a hankali, hannu ɗaya a maƙale, kai a sama.

Da hantsi suka isa Badagishiri, suka jingine babur bayan wani injin niƙa. Da suka tambayi gidan Abdussamad mai lambu, aka ce su bi jama'a kawai, yau suna ake yi a gidan, matarsa ta haihu. Namadi ya ji daɗi. Ya ce Allah ya kama ɓarawo ranar taronsa.

Ƙofar gidan cike take, tabarmi har bakin hanya, an raɗa suna tun da safe, ana ta rabon goro da dabino. Namadi ya tsaya tsakiya, ya ɗaga yatsan hannun da ke da 'yanci, ya buɗe baki zai fara jawabin da ya kwana biyu yana haddacewa. Bai kai ga harafin farko ba wani siririn mutum ya taso da gudu ba takalmi, ya zube a gabansa.

"Lale, lale! Alhaji da kai nai! Jama'a, ga mutumen da nika ba ku labari! Ranka shi daɗe, salulata ta hwaɗa rijiyar lambu, lambarka tat tahi da ita. Kwana ashirin ban yi barcin kirki ba. Kuɗɗinka na nan ɗaure, ko dala ban taɓa ba. Shigo zaure in ba ka."

Jawabin Namadi ya bi ruwa. Ya zo da shirin yaƙi ya tarar da shimfiɗa. Amma a ba shi kuɗi a zaure, a ɓoye, bayan duk kukan akuyar da ya sha? Ina!

"Nan waje," ya ce. "Gaban mutane. Harkata ba ta ɓoye ba ta. Direba, ɗauki hoto mai motsi, kana ɗauka kana turawa zauren 'yan albasa, masu dariya su gani."

"Kai kac ce," in ji Ɗahiru, ya ciro waya.

Aka shimfiɗa masa darduma. Abdussamad ya kawo baƙar leda ya kwance, ya ƙirga a fili, jikka ɗari da hamsin cif. Namadi ya sake ƙirgawa da hannu ɗaya, yana lasar yatsa yana kallon waya. Wallahi da a nan ya miƙe ya ce a gaida mai jego, da babur ɗinsa na nan har yau, da ni ma ban sami abin ba ku labari ba. Amma an kawo fura mai sanyi, kuma mutane na kallon sa irin kallon da ya daɗe yana nema.

Abdussamad ya yi wa wani ƙaton mutum mai jar hula inkiya. Nafi'u sanƙira ke nan, mai shelar biki, wanda in ya yi magana a Badagishiri ana ji a ƙauyen gaba. Ya sa hannu a kunne.

"Jama'a ku saurara! Mai gida ya ce in hwaɗa muku! Yaron da anka raɗa ma suna yau da sahe, ba sunan kaka anka sa mai ba, ba sunan kawu ba! Sunan mutumen da yab ba da iri bai ga mai shuka ba! Ruwan sama, ba ka tambayar gonar wa! Sunan yaro Namadi! Ga takwara nai zaune, Alhaji Namadi Mai Albasa!"

Wuri ya ɗauki kabbara, mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida. Ungozoma ta fito da jinjiri, an yi masa aski tas, ta ɗora a cinyar Namadi. Namadi ya dubi ɗan mutum, sai ƙwalla ta cika masa ido, kuma ta gaskiya ce. Shi da ko ɗan akuya ba a taɓa sa wa sunansa ba, yau ga ɗa sukutum a garin da bai san kowa ba.

"Ɗahiru," ya ce, "duba, har kunnuwan irin nawa."

"Na gani. Allah shi raba shi da sauran. Tashi mu tahi."

Amma kowa ya san takwara ba ya tashi hannu rabbana, balle Alhaji, balle ga kuɗi a tafin hannunsa kowa ya ga ƙirgarsu. Namadi ya zari jikka goma ya ɗora a ƙirjin jinjiri.

"Jikka goma!" in ji Nafi'u. "Alhaji ya ce wagga ta sabulu ta, tukuna bai hwara ba!"

Namadi bai ce haka ba, amma da ya ji, sai ya ga ai abin da ya kamata ya ce ke nan. Ya ƙara ashirin.

"Namadi, moto," in ji Ɗahiru a kunnensa.

"Yi shiru, ana kallo."

Nafi'u ya ƙara ɗaga murya. "Mai jego na gaida Alhaji! Ta ce wahalar wata tara ta wuce tun da taj ji sunan!" Atamfa biyu, jikka ashirin da biyar. "Ungozoma da tay yanke cibiyar Namadi ƙarami!" Biyar. "Wanzamin da yat taɓa kan Namadi ƙarami!" Biyar. Malamai suka ɗaga hannu suka yi masa addu'ar Allah ya maimaita masa Arfa, wa zai ji wannan ya ba da kaɗan? Makaɗa da tun safe suke gyangyaɗi suka farka, suka sa sunansa a kalangu.

"Namadi, saura nawa?"

"Akwai."

"Inna Lubabatu hwa?"

"Inna mace ta mai hankali, za ta gane girma anka yi ma gidanmu."

Ana cikin haka sai ga wani maƙwabci ya ratso taro janye da rago, wai hanya ce ta biyo da shi. Nafi'u ya kama igiyar ya ce ai ragon uba daban, ragon takwara daban, kuma Badagishiri ba ta taɓa ganin Alhajin da aka yi wa takwara ya bar garin ba a ga ƙahon ragonsa ba. Jikka sittin, ba tayi.

Ɗahiru ya gaji, ya koma gefe ya zauna kusa da wani tsoho, Malam Almustafa, wanda ke tauna goro yana kallo kamar wanda ya san ƙarshen wasan.

"Baba, mai gidan ga mutumen kirki na, ko?"

"Ƙwarai. Bai taɓa cin bashin kowa ba. Kowa biya shikai, gaban shaidu, ran suna." Tsoho ya tofar da goro. "Babban ɗa nai Hamidu, takwaran mai injin ban ruwa na Tawa. Mai bi mai Raihanatu, takwarar wata hajiya mai taki. Shekarar da yac ci bashi biyu, Allah da ikonSa, tagwaye anka haifa."

"Salular da taf hwaɗa rijiya hwa?"

"Rijiyar ga ta ci salula ta kai biyat. Kullum in matar ta kusa."

Ɗahiru ya zabura ya nufi Namadi, amma Nafi'u ya riga shi. Daɗi ya kwashe sanƙira, ya kama hannun hagun Alhaji, wanda tun safe yake maƙale, ya ɗaga shi sama don duniya ta ga hannun da ke kyauta. Shadda ta warware daga kafaɗa ta zubo. Yagar ta buɗe har ƙugu, baƙin mai ya bayyana, iska ta ɗage bayan rigar, ga 'yar rigar kabu-kabu ruwan ɗorawa da lamba arba'in da bakwai ɓaro-ɓaro.

Kalangu ya yi shiru. Wata mata mai suna Hawa'u, da ta zo barka daga wajen Konni, ta leƙo daga zaure ta ƙura masa ido.

"La ilaha! Wanga ba shi na yak kai ni tasha Tsarnawa ba? Yac ce bai da canji, yat tahi da dalata arba'in!"

"Ku tsaya," in ji wani saurayi mai lambu, "ni muryar nika tunani tun ɗazu. Alhaji, don Allah ce 'kar ki yi hushi' mu ji."

Wani daga baya ya yi kukan akuya. Shi ke nan, wuri ya ɓarke. Malamai na rufe baki da rawani, mata na faɗuwa kan juna a zaure, har mai rago sai da ya zauna a ƙasa. Ungozoma ta zo ta ɗauke jinjiri da sauri kamar talauci na yaɗuwa.

Namadi ya dubi hannunsa. Jikka huɗu. Sai a lokacin ya ga fuskar Inna Lubabatu a zuciyarsa, tana latsa taya. Ya kama hannun Abdussamad ya ja shi gefe, gefen da kowa ke ji.

"Malam, kuskure anka yi. Kuɗɗin ga ba nawa ba na, na surukata na. A maido ko rabi."

Abdussamad ya dafa ƙirji, da muryar nan tasa mai laushi. "Subhanallahi. Ni dai na biya ka gaban jama'a, kai kaƙ ƙirga, ga shi cikin salular direbanka. Abin da kab ba takwaranka kuwa, tsakaninku na, ni ban shiga tsakanin mutum da takwara nai. In kana iya amshe kyauta hannun jinjiri ɗan kwana bakwai, ga shi can, shiga."

"To a canza mai suna!"

"Malamai sun shahwa hwatiha, rago ya mutu. Ko kai Alhaji na ko ɗan kabu-kabu, suna ya kama yaro."

Namadi ya juya wajen rago, ko shi ya tsira da shi. Mahauci ya riga ya kayar da shi, har an fara fiɗa. Aka ƙulla masa goro da dabino a leda, Nafi'u ya raka shi har bayan injin niƙa yana shelar cewa Allah ya kai takwara gida lafiya, shi da motarsa mai ƙafa biyu. Man komawa Ɗahiru ya saya, ya ce kallon ya fi kuɗin.

Ran Juma'a ana saukowa daga masallaci, ƙofar gidan Namadi ta cika kamar ana rabon gado. Ba wanda ya tambayi yadda aka yi, domin Ɗahiru mutum ne mai cika umarni, yana ɗauka yana turawa har kukan akuya na ƙarshe. Ga liman, ga mai saye, ga mai wanki riƙe da gawar shadda yana jiran a sayar a ba shi nasa. Inna na zaune a kan tabarma, Wasila a gefenta.

Namadi ya tsuguna taku uku daga gabanta, ya ajiye jikka huɗu da ledar dabino.

"Wasila, hwaɗa ma Inna, maganar Allah kuɗɗi na amso su. Har dala. Kowa ya gani. Wa ka iya amso bashi Badagishiri cikin minti biyat in ba ni ba?"

"Tambaye shi suna ina," in ji Inna.

"Sun shiga zumunci."

Ba wanda ya yi dariya, ana jiran ta Inna. Namadi ya dubi babur, an wanke shi yana ƙyalli, ya ji zuciyarsa ta karye. Nan fa wata dabara ta faɗo masa, dabarar da ya saya da tsada jiya-jiya. Ya miƙe, ya gyara murya, ya manta da duk wata kunya ta duniya.

"Jama'a ku shaida! Wasila na da ciki wata biyat. In Allah ya sauke ta lahiya tas samu ɗiya mace, ba sunan kowa za a sa ba sai na uwa mai haƙuri, mai yahe bashi, ruwan sama ba ki tambayar gonar wa! Sunanta Lubabatu!"

Wasila ta ja mayafi ta rufe fuska. Liman ya dubi sama yana istigfari. Namadi ya tsaya da hannu a ɗage yana jiran guɗa, babu wadda ta yi.

Inna ta gyara zama, ba ta ko dubi inda yake ba.

"Wasila, hwaɗa ma mijinki, abin da ke cikinki jikana na, ko an sa mai Lubabatu ko an sa mai Tukunya. Goyo nai kyauta zan yi. Irina ko ba kyauta na ba. Shi aje makulli bisa tabarma."

Namadi ya daɗe yana lalube a aljihun da ya san makullin na ciki. Daga ƙarshe ya ajiye. Mai saye ya ɗauka, ya buga sau ɗaya, babur ya tashi, ya bi ta lungun masallaci, Namadi na bin ƙararsa da kunne har ta ɓace.

Inna ta ƙulle jikka huɗun a bakin zane, ta buɗe leda, ta zaɓi dabino ɗaya ta sa a baki. Ta tauna, ta tauna, ta tofar da ƙwallon.

"Wasila, hwaɗa mai dabinon ma na bara na."